Kujera Ta Huɗu a Jirgin Alhaji Haladu

Ku samarin yanzu kuna ba ni dariya. Mutum ya zaro waya daga aljihu, ya dangwala Kano da yatsa, ya dangwala Gwaram, wani shuɗin layi ya miƙe tsakaninsu, sai ya ɗago kai ya ce, "Baba Ya'u, ashe wannan ne aikin da kuka ƙarar da ƙuruciyarku a kai?" Eh, shi ne. Ai ɗinki ma zare ne da allura, je ka ɗinko mana malum-malum mu gani.

Ni ne Ya'u Taswira. Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina tsara wa ƙaramin jirgin sama hanya a nan Birnin Kudu: ta ina zai bi, mai nawa zai sha, kaya nawa zai ɗauka, a ina zai sauka. Bari kuma in faɗa muku tun yanzu abin da na sa a raina tun ranar da na kama aikin. So nake jirgin nan ya tashi da ni ko sau ɗaya ne, in leƙo garin nan daga sama, in ga ko ya yi kama da abin da nake zanawa. Kujera huɗu gare shi. Ɗaya ta matuƙi, ɗaya ta mai jirgi, sauran biyun kuwa na masu rabo ne.

Mai jirgin shi ne Alhaji Haladu Mai Tirela. Lokacin Jigawa tana jaririya, kowa yana neman abin da zai nuna wa 'yan uwa na Kano cewa mu ma mun tsaya da ƙafarmu. Wani ya gina bene, wani ya ƙaro motoci, Alhaji Haladu ya je ya sayo jirgi. Ya sa aka baje masa wani ɓangaren gonarsa ta hanyar Sundimina, aka daddaɓe, ya zama filin sauka. Ya ɗauko matuƙi, Kyaftin Bitrus, mutumin ƙasar Filato, dogo, marar hayaniya, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ni kuma a lokacin lodi nake yi a garejin Alhaji. Wata rana Kyaftin ya same ni ina ta masifa da direba a kan ya jibge buhunan gero duk a gindin mota, ina ce masa in ya hau gada haka sai kan motar ya ɗaga ya gaishe da sama. Kyaftin ya tsaya ya gama saurare, ya tambaye ni ko na yi makaranta. Na ce na gama sakandare. Ya je ya ce wa Alhaji, "Wannan mai faɗan nake so."

Kayan aikina na farko ba su cika jakar hannu ba: taswira babba mai ninki, rula, fensir, kamfas, da wani faifan ƙarfe mai lambobi kewaye da shi, ana juya shi da babban yatsa. Da faifan nan ake gane yadda iska za ta ture jirgi. Kyaftin ya zaunar da ni a inuwar fiffike ya ce, "Ka taɓa kallon mai kwalekwale da damina? In yana son ya sauka a mashigin da ke tsallake, ba ya nufarsa kai tsaye. Sama yake karkata, ruwa ya kawo shi. To iska ma kogi ce, ganinta ne ba a yi." Na ce na gane sarai. Ya ce in tsara masa hanya daga nan zuwa Kano. Na yini ina juya faifai, na kawo masa ina taƙama. Ya duba, ya sake dubawa.

"Ya'u, Alhaji yana da 'yan uwa a Damagaram?"

"Ban sani ba, Kyaftin."

"To je ka tambayo shi, don can ka kai shi."

Inda ya kamata in rage, nan na ƙara. Haka na yi ta sha a hannunsa har damina biyu, bai taɓa zagina ba, amma wallahi gara zagi da irin tambayoyinsa.

Da hannuna ya faɗa, sai na gane cewa rabin aikin ba a kan takarda yake ba, a kan babur yake. Alhaji ba filin gwamnati kaɗai yake sauka ba. Ɗaurin aure, ta'aziyya, duba gona, ganin surukai, duk inda aka samu shimfiɗaɗɗen fili yana so ya dira. To dole wani ya riga jirgi isa. Ya taka filin da ƙafa, ya cike ramukan gafiya, ya kore awaki, ya roƙi yara su koma gefe, sannan ya hura wuta da ɗanyar ciyawa don matuƙi ya ga inda hayaƙi ya karkata, ya san ta inda zai ɓullo. Wannan wanin ni ne. Jirgi zai tashi ina ƙasa, zai sauka ina ƙasa, in ya juya gida in bi shi a babur ina haɗiyar ƙwari. Mun taɓa sa tela ya ɗinka mana doguwar jakar iska mai ruwan goro, muka kafa a kan gora a bakin fili. Ba ta kwana uku ba aka kai ƙarar Alhaji wai ya kafa tutar sabuwar jam'iyya. Muka sauke, muka koma wa hayaƙinmu.

Sai ga zamanin manhaja. Da farko a kwamfutar cinya take, mai nauyi kamar dutsen niƙa, daga baya ta koma cikin wata 'yar shimfiɗaɗɗiyar na'ura da muke kira allo. Ba zan ci amanarta ba, ta sauƙaƙa mini rayuwa. Lissafin da nake yini a kai, kafin in kurɓi shayi ta gama. Ta san tsawon kowane dutse a ƙasar nan, ta san inda aka hana bi, ta san yanayin sama na gobe. In komai ya yi daidai ta nuna kore, in da matsala ta nuna ja. Aibinta ɗaya ne: duk abin da ka faɗa mata sai ta ce to. Ba ta da ido, ba ta da hanci, kuma ba ta san mutanenmu ba.

Ku ɗauki ranar Yalwan Damai. Kaka ta yi, Alhaji zai je gaisuwar mutuwa. Na duba filin tun ana jibi, sumul. Allo ya nuna kore. Da hantsi na iso da ɗan oba-obana na magana da jirgi, sai na tarar da fili ja wur daga wannan kai zuwa wancan. Matan gari sun ga wuri mai kyau, an share, an daddaɓe, ba kaza ba akuya, suka ce abin nema ya samu, suka baza shanyar barkono. Kafin in buɗe baki sai ga ƙarar jirgi.

"Ya'u, gobara ake yi a filin?" in ji Kyaftin ta oba-oba.

"Barkono ne, Kyaftin."

"Na ji kamar ka ce barkono."

"Shi na ce. Yi ta zagaye tukuna."

Na durƙusa wa wata dattijuwa da na ga ita ce babba, na ce, "Inna, don Allah a kwashe, jirgi zai sauka." Ta dubi sama, ta dube ni, ta ce, "Bai bushe ba. Ka ce masa ya dawo da la'asar." Na fara jan tabarmi da kaina, suka yo kaina da muciya da tsintsiya. Da ƙyar mai unguwa ya shiga tsakani aka buɗe mana hanya. Kyaftin ya sauko lafiya, amma iskar farfela ta ɗebi ragowar barkonon ta watsa wa duk wanda ya zo tarya. Alhaji ya fito cikin babbar riga zai yi gaisuwa, liman yana atishawa, mai unguwa yana atishawa, masu makoki suna hawaye har da waɗanda ba su san mamacin ba. Tun daga ranar, kafin in duba manhaja sai na tambayi abin da ake girba a garin.

Amma babban abin da ke kashe ƙaramin jirgi ba iska ba ce, ba hadari ba ne. Nauyi ne. Tirela in ka yi mata lodin ganganci za ta yi nishi ta tafi a hankali, jirgi kuwa zai yi gudu har fili ya ƙare bai ɗaga ba. Don haka kowane mutum da kowace jaka sai na shigar da nauyinsu a allo. To ku gaya mini, wa zai tambayi Alhaji nauyinsa? Na taɓa gwadawa sau ɗaya. Ya faɗa mini wani adadi da nake jin tun yana yaron mota aka auna shi. Kyaftin ya ji, washegari ya sayo ɗan sikelin takawa, muka ɓoye shi ƙarƙashin darduma daidai inda ake hawa jirgi, muka bar fuskar allurar a waje ta gefena. Duk wanda zai hau sai ya tsaya a kai ya gyara riga, ni kuma in tsuguna in gaishe shi. Shekara da shekaru manyan mutane suna yaba ladabina, ba su san allura nake karantawa ba. Hajiya, uwargidan Alhaji, ita kaɗai ta gano mu. Ta taka, ta ji abu ya motsa, ta ce, "Ya'u, abin da ka gani ya tsaya tsakaninka da Allah." Har yau kuwa yana nan.

Sannan ga tsaraba. Kun san mutanenmu, baƙo ba ya barin gari hannu sake, balle baƙon da ya zo ta sama. Ka tsara jirgi ya je da mutum uku, ya tashi dawowa sai ka ga an jero buhun shinkafa, ƙwaryar man shanu, zabi a ɗaure, kabewa, rake. Ba a mayar da hannun kyauta baya. Dabarata ita ce in karɓa da hannu biyu, in yi godiya, in zagaya bayan jirgi, in ɗora a a-kori-kurar da na tanada a ɓoye. Kowa ya ga kayansa sun nufi jirgi, kowa ya koma gida da farin ciki.

Kujera ta huɗu kuwa, sau nawa ina ganinta ta kuɓuce. Kyaftin yakan ce wa Alhaji, "Yau a dawowa Ya'u zai shiga, wani ya kawo babur." Alhaji ya ce to, da zuciya ɗaya kuwa, don ba mugu ba ne. Sai an zo tashi wani malami ya ɓullo da buta da carbi, ko ɗan siyasa, ko abokin Alhaji na ƙuruciya da ciwon baya ya hana shi shiga mota. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ya'u, ai kai na gida ne." Na gida kuwa shi ake bari a gida. Wata rana har na sa ƙafa ɗaya a ciki aka fito da ni. Kyaftin ya dafa ni ya ce, "Kwantar da hankalinka, rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Na ce, "Kyaftin, ai matsalar ke nan, ni saman nake so."

A gari kuma ba wanda ya yarda ban taɓa hawa ba, sai waɗanda suka sani, su kuwa ba su bar ni na sha ruwa ba. In na ratsa tasha sai ka ji ɗan kamasho ya ɗaga murya, "Ya'u Taswira, yau daga wace ƙasa?" In ce daga ƙasar ubanka. Su kwashe da dariya.

Muguwar shekararmu ta zo ne da abu biyu a haɗe. Man jirgi ya yi wuya, don irin nasa ba na mota ba ne, ba kuma na manyan jirage ba. Sannan wani ƙarfe a injin ya lalace, sai an kawo daga ƙasar waje. Jirgi ya zauna tun daga shuka har aka yi sussuka. Kyaftin ya koma wajen iyalinsa, ni na zama mai gadi. Akuyoyi suka mayar da ƙarƙashin fiffike wurin hutun rana, matan ma'aikatan gona suka fara shanya zani a jela. Babban abokin gabana shi ne zanzaro. Akwai wani siririn bututu a fiffike, ta nan jirgi yake sanin gudunsa, zanzaro kuma bai ga ɗakin da ya fi masa wannan ba a duk faɗin Jigawa. In toshe da tsumma, akuya ta zare tsumman, zanzaro ya shiga da laka. Kullum da safe da wannan yaƙin nake karyawa. In na gama sai in buɗe ƙofa in zauna a kujerar baya da allo a cinya, in tsara tafiyar da ba mai yin ta. Na kai mu Maiduguri, na kai mu Agadas, na kai mu har Jidda da tsayawa shan mai a hanya. Duk kore. In ɗago kai in ga akuya tana kallona ta taga.

Da ƙarfe ya iso aka gyara, ƙarfin Alhaji ya riga ya ragu, shekaru sun taru, 'ya'yansa suna ta yi masa magana. Ya sayar da jirgin. Wanda ya saya zai karɓa a Kano. Alhaji ya ce kafin ya miƙa, sai ya kai Hajiya ta gaishe da mahaifinta, Baba Ilu, a ƙauyensu da ke gaba da Gwaram, daga can su wuce Kano kai tsaye. Kyaftin ya tsaya a gaban Alhaji, ban taɓa jin muryarsa ta yi kauri haka ba, ya ce, "Alhaji, wannan shi ne tashi na ƙarshe. Daga Gwaram zuwa Kano Ya'u zai shiga, kuma a gaba, kusa da ni. Ko Sarkin Makka ne ya zo da buta, sai dai ya bi mota." Alhaji ya ce, "Na yarda, Allah ne shaida."

Na sa aka ɗinka mini sabon kaftani. Na yi aski. Na bi ta tasha da gangan na shaida wa 'yan kamasho su dubi sama da la'asar. Na tsara hanyar da kaina, na ɗan lanƙwasa ta yadda za mu ratsa ta kan Birnin Kudu, in ga duwatsu da gada da rufin gidana. Na shigar da sunaye huɗu a allo: Kyaftin, Alhaji, Hajiya, Ya'u. Kore shar.

Filin Baba Ilu gajere ne, gonar gyaɗa ce da aka cire, kuma a ƙarshensa akwai wani rimi da ya girmi kowa a garin. Na san shi, na sha lissafa shi. Sun sauka da hantsi lafiya, aka ci, aka sha, aka yi azahar. Rana ta take. Ku riƙe wannan: iska mai zafi ba ta da ƙwari, fiffike ba ya samun abin dafawa, jirgi yana buƙatar fili mai tsawo kafin ya ɗaga. Duk da haka da mu huɗu akwai 'yar rata. Tsaraba ta fara fitowa, na yi ta karɓa ina zagayawa da ita wajen a-kori-kura kamar yadda na saba.

Sai na ji guɗa. Na waiga, ga Baba Ilu tafe da sanda, tsoho tukuf, gari duk a bayansa, yana jan wani rago. Jama'a, na ga raguna a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Fari sol, ƙaho ya murɗe sau biyu, wuya kamar turmi, an wanke shi har da sabulu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, tun daga nesa na san nauyinsa zai ja mana magana.

Alhaji ya zube ƙasa, kansa a sunkuye. Baba Ilu ya ce, "Haladu, ga ɗan abin da na tanadar maka. Tun yana shan nono na ware shi. Na kuma faɗa wa duk garin nan cewa a jirgi zai tafi."

"To, Baba. Allah ya ƙara girma," in ji Alhaji. Abin da ya iya faɗa ke nan. Mutumin da direbobi ke rawar jiki in ya yi tari, a gaban surukinsa ko ido ba ya iya ɗagawa.

Na matso da fara'ata, na karɓi igiya, na nufi bayan jirgi. Tsoho ya biyo ni. Na ƙara sauri, ya ƙara. Ya hango a-kori-kura, ya tsaya cak.

"Ɗan nan, ina za ka kai shi?"

Kyaftin ya zo ya rusuna ya ce, "Baba, a mota zai fi jin daɗi. Kafin dare yana Kano."

"Mota?" in ji Baba Ilu. "Ragon kowa ma yana shiga mota. Ni da na ce jirgi, yau a wayi gari a ce Ilu ya yi ƙarya da furfurarsa?"

Alhaji yana tsugune, gumi yana bin wuyansa. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Muka aro sikelin masu awon riɗi, muka rataya a reshe, ƙarti huɗu suka ɗaga ragon a cikin buhu. Ya fi ni nauyi. Gaskiya ya ma fi ni kyan gani, duk da sabon kaftanina. Na shigar da shi a allo, na ba shi wurin kaya a bayan kujeru. Ja. Na fitar da jakar Hajiya da ta Alhaji da akwatin kayan gyara. Ja. Na dubi Kyaftin na ce ko za a rage mai. Ya girgiza kai, kuma da gaskiyarsa, ni na lissafa man, babu na zubarwa. A jira sanyin yamma? Jirgin ba ya tafiyar dare, mai saye kuma yana can yana jira. Hajiya ta sauka? Wa zai ce wa 'yar mai gida ta fito a gaban ubanta don rago ya shiga?

Alhaji ya taso ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya. "Ya'u, na yi maka alkawari, kuma ka ga halin da nake ciki. Rage masa nauyi mana a na'urar nan. Rubuta rabi. Wa zai sani?"

"Ranka ya daɗe, rimin can zai sani."

Na faɗa da baki, amma kada ku ɗauka yatsana bai yi ƙaiƙayi ba. Allon yana hannuna, duk abin da na rubuta zai ce to. Na tsaya ina kallon sunayen nan biyar. Sannan na dangwala na huɗu na goge. Ja ya koma kore, shi ma da ƙyar. Wallahi na ji zafi, zafin da ban ji irinsa ba tun rasuwar mahaifina. Na juya baya kamar ina duba taya.

Kyaftin ya karɓi allon ya duba da kansa, ya daɗe yana dubawa, yana neman inda na yi kuskure. Bai samu ba. Ya ce, "Ya'u, ni na yi maka alkawari."

"Kai kuma ka koya mini lissafi, Kyaftin. Ku tashi kafin iska ta juya."

Aka ɗaure ragon ƙafa huɗu, aka sa masa buhu a ƙasa saboda lalura, aka cusa shi kujerar baya aka zarga masa bel. Alhaji ya koma gaba. Hajiya ta shiga kusa da ragon ta ce, "Ba komai, mun saba, bara ni na ba shi dusa." Ni kuma na naɗe hannun sabon kaftani, na kore yara, na kore awaki, na hura ɗanyar ciyawa hayaƙi ya tashi.

Kyaftin ya ja jirgi har ɗaya ƙarshen gonar, jela tana taɓa shinge, don kada ya bar ko taku ɗaya. Ya ba shi wuta yana riƙe da birki har ƙasa tana rawa, sannan ya sake. Jirgi ya taho. Ya wuce inda ya saba ɗagawa, tayoyi suna ƙasa. Ya wuce inda na hura wuta, suna ƙasa. Mata suka daina guɗa. Na ji bakina yana salati ban san na fara ba. Sai can ya ɗaga, a hankali, kamar tsohon da ke tashi daga tabarma, ya nufi rimin nan kai tsaye. Balbelu suka watse daga kansa. Ya haye. Ratar da ke tsakanin taya da ganye ba ta kai tsawona ba.

Gari ya ɓarke da sowa. Ni kuwa na zauna a kan kunyar gona. Ina nan sai na ji sanda ta dafa ƙasa kusa da ni. Baba Ilu ne, ya kare ido da tafin hannu yana bin jirgin da kallo, bakinsa har kunne.

"Ɗan nan, kai da kake tare da su kullum, yaya duniya take daga can sama?"

"Ban sani ba, Baba. Ban taɓa hawa ba."

Ya sauke hannu ya dube ni. "Ko sau ɗaya?"

"Da yau ce za ta zama ta farko. Kujerata ce ragon ya hau."

Tsoho ya dubi sabon kaftanina da ya sha toka, ya dubi askina, ya cire hula ya sosa kai. Ya sake ɗaga ido sama, jirgi ya zama kamar ƙuda.

"Ashsha," ya ce. "Ashsha, ɗan nan. Kuma ka ga na san halinsa. Da ya ƙoshi barci yake yi. Ko rimin nan bai gani ba."